Surukutar da Ta Hana Ta Kiran Ruwa

A bakin shagon Mama Nobantu da ke hanyar garin Cofimvaba Masixole ya fara ganinta, tana fama da fosta iska na ƙwace mata. Ya ajiye motar hayarsa ya danne mata gefe ɗaya, sai da aka gama liƙawa ya karanta: "Ku zaɓi Zimkhitha a kwamitin makaranta. Yaranmu na buƙatar ruwa."

"Sisi, 'yar'uwa, kin san da wa kike takara?"

"Da wani tsoho da ya shekara tara a kujerar, ko famfo ɗaya bai kafa ba."

"To, babana ne."

Kunya kamar ta nutse! Shi kuwa dariya ya yi ya karɓi lambarta.

Zimkhitha ce ke riƙon 'yar marigayiya yayarta, kullum yarinyar sai ta tafi makaranta da jarka a ka. Abin da ya jefa ta takara ke nan. Cikin wata biyu soyayya ta yi nisa, har Masixole ya kai wa mahaifinsa, Tata Manzolwandle, maganar aure.

Tsohon ya ce, "Yarinyar da ke tsinka ni a bainar jama'a? Ta janye, ko kuma saniyata ko ɗaya ba za ta taka gidansu da sunan sadaki ba."

Masixole ya tura mata saƙo: "Sthandwa, masoyiyata, ki janye don ni. Kujera ce kawai."

Ta amsa: "Bhuti, yayana, ina sonka har ba na iya cin abinci. Amma yara ɗari uku ne. Ka yafe mini."

Mako uku ba kira ba saƙo. Ta rame, ta yi kuka har ta gode Allah. Idan motarsa ta wuce sai ta juya baya, shi ma ya kafe idonsa a titi kamar wanda ke koyon tuƙi. Wallahi duk wanda ya gan su sai ya tausaya.

Ranar zaɓe zauren makaranta ya cika. Tsohon ya yi jawabinsa ya zauna. Zimkhitha ta miƙe, ta hango Masixole tsaye a bakin ƙofa, ta soma magana.

"Iyayena, makarantar nan ba ta da..."

Sai ta tsaya. Amanzi, kalmar ruwa a yarenmu, tana cikin sunan tsohon, suruka kuwa a al'adarmu ba ta furta sunan uban mijinta ko abin da ya yi kama da shi. Ba wanda ya ɗora mata wannan, auren ma an fasa. Amma bakinta ya ƙi.

"...ba ta da imvotho," ta ƙarasa, kalmar da matan aure ke sakayawa da ita.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Yhoo! Manzolwandle, ka yi suruka ba ka gaya mana ba?"

Har ta gama jawabin ba ta kira ruwa da sunansa ba, hawaye na zuba. Ta ci zaɓen da ƙuri'a huɗu. Ana taya ta murna ita kuwa kuka take, don gani take ta kayar da uban, ta rasa ɗan.

Kwana biyar bayan nan kawunnan Masixole suka tsaya a ƙofar gidan su Zimkhitha suna kirarin zuriyarta, sun zo neman aurenta.

Ranar da aka kai ta gidan miji, tana durƙushe kanta a ƙasa, tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Makoti, matar ɗana, kin kayar da ni, kin kuma girmama ni, duk a rana ɗaya. Har yanzu ina jin zafin na farkon." Ya gyara murya. "A gidan nan ki kiyaye sunana. Amma in kin shiga kwamiti, na yafe miki, ki kira ruwa da sunansa da ƙarfi har sai sun kawo wa yaran nan shi. Allah ya zaunar da ku lafiya, 'yata."

Ta ce amin, Masixole na share mata hawaye da bakin bargon amarcin da ta yafa.