Ɗanyen Tulu

Ni na fara ganinsu, kafin mai unguwa, kafin duk masu zaƙin bakin nan. Shekarar da soja suka koma bariki ce. Sababbin 'yan siyasa kowa na son ƙawata falonsa, sai Saudatu ta buɗe shago a Ƙofar Kaura: akussa masu zane, tulunan ado da take ginawa da hannunta, da mundayen azurfa, aikin ƙarshe na mahaifinta maƙeri. Su mundayen ba ta sayarwa, kallo kawai. Ni ina gefen shagon da faifan gorona.

Su uku suka tsuguna gabana kamar masu ciniki. Yari ne babbansu, wani ƙazami mai wuyan zalɓe. Hamman da Zubair 'yan amshin shata.

"Hadari ya haɗo, kowa zai watse," in ji Yari. "Yanzu za mu shiga."

"Tsohon nan hwa?" in ji Hamman.

"Wannan? Kurma ne."

Kurma. Ni da nake jin tafiyar kiyashi.

Na miƙe in gaya mata, sun riga ni ƙofa. Yari ya zaro bindiga.

"Hajiya, ina hwarin kayan?"

"Ku ɗauki komi, don Allah ku bar mini na Baba."

Ya hankaɗe ta, ya kwashe mundayen. To ina zai zuba? Sakarkaru, sun zo fashi ba ko buhu. Ya hango tulu a bayan shago yana shan iska, ya zuba a ciki. Na cafke rigarsa — tau! Harsashi a cinyata. Da wani ne, da ya mutu. Ni salati kawai na yi.

A waje ya cika wa yaransa hannu da akussa. "Ku bi lungu, mu haɗu a Gobarau." Shi kuwa ya haye babur, tulu tsakanin cinyoyi, ya yi Ƙofar Guga. Zai cinye shi kaɗai.

Sai ruwa ya kece.

Tulun nan ba a gasa shi ba. Ko akuyar Katsina ta san ɗanyen tulu ba ya haɗuwa da ruwan sama. Ya fara narkewa a jikinsa, gindin ya zube, mundaye na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙarar harbin ta jawo 'yan sanda: Sajan Haruna da mutanensa na baya, suna bin azurfa a titi kamar kaji na bin tsaba. Yari ya saki hannu zai tare sauran — babur ya kwashe shi, sai cikin kwata! Ƙugu ya karye.

Tun ba a tambaye shi ba ya ce, "Suna Gobarau."

Can aka same su suna jiransa, sun kifa akussa a ka don ruwa.

Saudatu ta karɓi mundayenta, amma rabi tayoyin mota sun lanƙwasa su, mai gyara su kuma yana kwance a kushewa. Ni har yau da sanda nake tafiya.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Ƙofar Kaura. Zan ɗage masa wando ya sa yatsa a ramin, in yana da zuciyar.