Ranar da Barira Ta Ce Akwai Gajiya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe babbar ƙofar Kamfanin Dogon Hange ta kawo koren haske, ta gane fuskar Injiniya Barira Haladu, ta ce da ita cikin murya mai taushi, "Ina kwana, Injiniya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji Barira, tana hamma har da hawaye.

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

Ƙofa ta buɗe. Mutum dubu tara ke bi ta nan kullum, kuma amsar kowa ke nan.

Sunan na'urar Mai-Sannu. Aikinta ta tattara amsoshin ma'aikata, ta gano wanda ya galabaita, ta ba shi hutu ba sai ya bi ofis-ofis ba. Da farko tambayar asibiti take yi wa mutane, wai daga ɗaya zuwa goma nawa ne ƙarfinka, aka ce ba ta da tarbiyya. Barira ce da kanta ta koya mata gaisuwa irin ta mutane, har aka ba ta lambar yabo. Wata bakwai ke nan da yin haka, kuma tun daga lokacin babu wanda ya ga hutu.

Ba za a ci haƙƙin kamfanin ba, akwai daɗi. Barira na da gida a hawa na arba'in da ɗaya a Sabuwar Dutse, bas mai shawagi na ɗaukarta daga bakin taga. Abinci kyauta ne, ga injin dama fura da ya san yawan sukarin kowa. Siririya ta zo, yanzu sau biyu tela na buɗa mata ɗinki. Asibitin kamfanin ne ya gyara wa mahaifiyarta ido. Sai dai a cikin mutum dubu tara, in ban da ƙofa babu mai tambayar yadda ka kwana.

Ranar Talata mahaifiyar tata, Inna, ta kira daga Gumel. Hansatu ƙanwar Barira ta haifi mace, suna jibi Alhamis, kuma sunan Barira za a sa wa jaririyar.

"Ke da ƙafarki nake so," in ji Inna. "Kada ki turo mana inuwar nan taki ta haske irin wadda kika turo bikin ɗan'uwanki Lawwali, yara suna ta zura hannu ta cikinki."

Abin ya sosa mata rai, don gaskiya ce. Ta wuce wurin shugaban sashensu, Malam Tanimu.

"Yallaɓai, kwana uku kacal nake roƙo."

"Injiniya, ni ma da kike gani nema nake. Hutu ba a hannuna yake ba, yana hannun ɗiyarki ta bakin ƙofa. Ita kuwa ta ce lafiyarmu lau."

Ya juyo mata da allo. Gajiyar ma'aikata: sifili. Jin daɗin aiki: ɗari bisa ɗari. Shawara: a ƙara musu aiki. Barira ta buɗe rumbun bayanai, ta ga "ba gajiya" da "da godiya" jere reras har ƙarshen gani. Sai ta dafe kai. Ta koya wa na'ura tambaya, amma ba ta faɗa mata cewa Bahaushe ko a gadon asibiti yake, ba gajiya zai ce ba.

"Yallaɓai, gaisuwarmu take ɗauka da gaske."

Malam Tanimu ya yi dariya har ya cire hula. Da ya nutsu ya ce gyara sai kwamiti ya zauna, wata biyu a ƙalla. "Abu ɗaya ya rage. Gobe ki faɗa mata gaskiya."

Faɗi a baki ne mai sauƙi. Washegari Barira ta tsaya gaban ƙofa, layi ya miƙe a bayanta.

"Ina gajiya?"

"Ba g…" Ta kama bakinta. Shekara talatin da huɗu harshenta na bin hanya ɗaya, yau ya ƙi juyawa. Kunya ta rufe ta kamar za ta ci abinci gaban suruki. Ta tuna jaririyar, ta ce can ƙasa, "Akwai gajiya."

"Ban ji ba, Injiniya."

"Na ce akwai gajiya. Na gaji liƙis."

Wata dattijuwa daga sashen shari'a ta ce, "Ikon Allah." Hasken ƙofa ya koma shuɗi.

"Sannu, Injiniya. Kin sami hutun kwana goma."

Mutumin da ke bayanta ya gyara murya ya ce shi ma akwai, har da ciwon baya. Kafin azahar mutum dubu shida sun kama hanyar gida, Malam Tanimu na cikinsu da jakarsa.

Alhamis ta sami Barira a tsakar gidansu a Gumel, takwararta a cinya, mata na ta tsokanarta wai ta yi ƙiba irin ta masu kamfani. Daɗi ya cika ta. Ana cikin rabon waina saƙon Malam Tanimu ya shigo: kwamitin wata biyu ya zauna a wuni ɗaya. An cire wa ƙofa murya. Daga yanzu idon mutum da bugun zuciyarsa za ta karanta, ta san gajiyarsa daidai, babu tambaya, babu kuskure.

Barira ta karanta wa Inna, ta ƙara da cewa ai wannan ya fi inganci.

Inna ta karɓi jaririyar, ta gyara mata hula.

"To, da kyau," ta ce. "Sai dai yanzu wa zai riƙa gaishe ku?"