Minti Goma na Sanyaya Na'ura

Ƙarfe uku na rana aka kira Sufeto Shekari Doguwa daga ofishinsa na Sabon Gari. An tsinci gawar Scholastica Gabriel, ɗalibar bincike, a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Samaru. Ƙofa a rufe, tagogi a rufe, ɗaki cike da warin gas.

Kafin ya iso har an kama mai laifi, wai Baba Japheth, tsohon da ke kula da tukwanen gas.

"Sakacinsa ne," in ji shugaban wurin, Dakta Sebastian Martins, yana share hawayen da babu su. "Ni tun sha biyu ina kasuwar Sabon Gari."

Sufeto ya yi masa kallon tuhuma. Mutum ne da ba ya son a kawo masa amsa kafin ya yi tambaya.

A caji ofis, Sufeto ya zauna a gaban tsohon nan. In laifin ya hau kansa, a kurkuku zai ƙarasa.

"Baba, mene ne aikin na'urar nan da aka tarar a kashe a ɗakin gwajin?"

"Ranka ya daɗe, zafin iskar wuta take aunawa. Wani siririn haske ne, leza, ake ratsawa ta cikin harshen wutar. Iskar ta shanye kaɗan, saura ya fita. Daga abin da ta sha kwamfuta ke gane zafinta, tana rubutawa kowane sakan."

"Ka iya kashe ta?"

"Ni? Wallahi ko gogewa ba a bari in yi! Sai an sa lambar sirri, ta huce minti goma. Dakta da marigayiya kaɗai ke da lambar."

Washegari likita ya ce akwai rauni a ƙeyarta, amma gas ne ya ƙarasa ta. Sufeto ya sa aka buɗe kwamfutar, ya kira Dakta.

"Duba nan. Ƙarfe ɗaya da minti sha biyu haske ya ɓace ɗungurungum. Ta faɗi a kan hanyarsa ke nan. Bayan minti ɗaya ya dawo. Wa ya janye ta?"

"Wataƙila ta mirgina."

"To madalla. Ta mirgina, ta sa lamba, ta sanyaya na'ura mataki-mataki, ta hure wuta ta bar gas a buɗe, sannan ta ja ƙofa daga waje?"

Sufeto ya tura masa littafin awon Scholastica. Alƙalumanta sun nuna cewa waɗanda Dakta ya wallafa, har ya yi suna da su, ƙirƙira ce.

"Cewa ta yi za ta fallasa ni," ya faɗa a hankali. "Tura ta kawai na yi."

"Minti goma tana numfashi a gaban ƙafarka, kai kana tsaye kana jiran ƙarfe ya huce!"

"In an kashe ta da zafi lalacewa take yi, Sufeto. Ba mu da wata."

Sufeto ya miƙe tsaye. Shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa tsanar mutum haka ba.

Aka buga masa ankwa, aka saki Baba Japheth. A bakin ƙofa mahaifiyar Scholastica na zaune a ƙasa, rungume da takalman 'yarta. Dakta ya wuce ta ko kallo babu, sai da ya kai mota ya waiwayo.

"Sufeto, don Allah a rufe madubin na'urar, kada ya yi datti."