Koren Malam

"Kubra! Me kika yi? Innalillahi... rigar Malam ce a kan igiya?"

Haka mijina Musbahu ya faɗo gida daga gonar shinkafa, ko taɓon ƙafarsa bai wanke ba.

"Yoyo ɗakin Inna ya yi," na ce, ina ɓoye hannuwana da suka yi shuɗi. "Akwatinta ya jiƙe, har rigar ta fara fumfuna. In zuba mata ido ta ruɓe?"

"Da me kika wanke?"

"Da omo mana..."

Ya dafe kai. "Kore ce fa, mai shuni! Rinin Kura! Wa ya taɓa sa mata omo, balle ya shanya ta a tsakar rana?"

To ni ina zan sani? 'Yar Kumbotso ce ni, watana biyu a gidan. Sai a lokacin na dubi rigar da kyau. Duk ƙyallin nan ya bi ruwan wanki, ta koɗe ta yi fayau. Ita kaɗai ta rage wa surukata Inna cikin kayan marigayi mijinta Malam, kuma da yamma za ta dawo daga biki a Bunkure. Matar da ke ce mini 'yata, yau da wane ido za ta kalle ni?

Da ya ga hawayena, sai ya sauke murya. "Haba farin cikina, bari kuka. Zan ce ni ne."

"Da waɗannan hannuwan nawa? A'a, Yaya. Ni na yi, ni zan faɗa."

Inna na yin sallama na durƙusa na gaya mata komai. Ta sauke rigar daga igiya, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe a haka.

"Ƙamshinsa ya tafi," ta ce a hankali.

Na fashe da kuka. "Inna, ki yafe mini, don Allah!"

"Tashi, ja'ira. Kore ba ta son omo, ba ta son rana. A inuwa ake shanya ta ta sha iska, a kai mabuga, sannan a naɗe ta cikin farin ƙyalle. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

Ta share idonta da bakin mayafi, ta juya wajen ɗanta.

"Tun rasuwar mahaifinka nake son ba ka ita. Duk sanda na buɗe akwati na ji ƙamshinsa, sai in kasa, in mayar in rufe." Ta ɗora masa rigar a kafaɗa. "Gobe ka kai a ƙara mata shuni a buge ta. Da ita za ka je Juma'a."

Inna ta kamo shuɗin hannuna ta riƙe gam.

"Ke kuma, 'yata, daga yau ajiyarta a ɗakinki take."