Motar da Ke Juyawa Idan Ta Hango Alhaji

Ranar da Munzali ya faka motarsa a ƙofar shagon wayoyin Alhaji Arzika a unguwar Zongo, kyamara ya zo a saka masa, ba mata ya zo nema ba. Wani mai babur ne ya goge masa mota a mahaɗar Sainte-Rita, ya kuma rantse shi aka buge, ba shaida.

Ruwaida, 'yar Alhaji, ita ke riƙe da shagon. Ta shiga gaban motar, ta goge gilashi, ta manna kyamarar a bayan madubi, ta cusa igiyar kyamarar ta gefen rufi har zuwa wurin caji.

"Ido biyu gare ta," in ji ta. "Ɗaya na kallon titi, ɗaya cikin mota. Tana ɗaukar murya kuma, sai ka iya bakinka."

"Idan ta lalace fa, Madam?"

"Ba za ta lalace ba."

"Idan dai ta lalace."

Ta ba shi lambarta, saboda kyamara kawai, wai. Daga ranar kuwa kyamarar nan ba ta ƙara lafiya ba. Yau ta karkace, gobe ta yi duhu, Ruwaida ta duba ba ta ga komai ba sai direba yana murmushi.

Munzali ɗan Kandi ne, daga arewa, yana jigilar fataken shanu tsakanin Zongo da kara, kasuwar dabbobi. Ba shi da yawan magana, amma a waya bakinsa buɗe yake.

"Ruwaidata, kyamararki na kallona duk yini. Ina ma ke ce."

"Direbana, kalli titi. Ina son ka dawo da ƙafafunka."

Da maganar ta kai kunnen Alhaji, bai ce a'a ba, ya ce zai duba. Ya duba kuwa, ya dawo ransa a ɓace.

"Ruwaida, yaron nan ba shi da gaskiya."

"Me ya yi, Baba?"

"Duk inda ya hango ni sai ya juya mota. Jiya a Saint-Michel na ɗaga masa hannu, ya karya kwana kamar ya ga jandarma. Mai neman 'yar mutum gaishe shi yake zuwa yi. Me yake ɓoyewa a motar nan?"

Badarou, mai shagon tayoyi da ke gefensu, wanda ya daɗe yana kawo wa Ruwaida abarba tana bai wa ƙannenta, shi ya kawo amsa ba a tambaye shi ba.

"Ni dai ba na son gulma," ya ce, yadda duk magulmaci ke farawa. "Amma na ga mace a gaban motar, da mayafi ja. Suna hango Alhaji ta sunkuya ta ɓuya. Direba fa, kowane gari da tasa."

Alhaji ya ce idan kawunan Munzali suka zo ranar Juma'a, haƙuri zai ba su.

Ruwaida ta ce ƙarya ne, amma bakinta kaɗai ya faɗa. Zuciyarta ta shiga tono. Ashe shi ya sa bai taɓa sauke ta a ƙofar gida ba? Ashe shi ya sa idan muryar Baba ta fito a waya yake kashewa? Kishi ya kama ta sosai, har ta ringa kallon duk mai jan mayafi da ta wuce ta gaban shago.

Ta rubuta masa: "Wace ce mai jan mayafi?"

Can sai ga amsa: "Hasken idona, har ke?"

"Ba amsa ba ce wannan."

"Ke kika saka kyamarar da hannunki. Gobe ki cire memorin ki duba. Amma don Allah ke kaɗai."

Ke kaɗai! Wannan kalma ta ƙara hura mata wuta. Da safe ya zo, ta zare memorin ba ta ko dube shi ba. Ya koma mota ya zauna. Ita kuwa ta kira mahaifinta, ta ce gara su gani tare, a yi ta ta ƙare. Badarou ma ya leƙo, wai aron caja.

Hoton ya fito a kwamfuta. Ga titin Saint-Michel, ga babura kamar ƙudaje. A ɗaya gefen ga Munzali, kusa da shi ga jan mayafi. Ruwaida ta matso kusa da kwamfutar. Sai matar ta juyo, tsohuwa ce tukuf, tana tauna goro.

"Kai, Munzali!" muryarta ta fito. "Wancan mai farar riga ba shi ne baban yarinyar ba?"

"Innalillahi, shi ne, Goggo Dijatu! Hannu yake ɗago mini."

"To me kake jira? Juya! Ka tsaya ka haɗa ido da suruki a tsakiyar titi, kana zaune yana tsaye? A ce ba mu yi maka tarbiyya ba?"

Motar ta karya kwana, masu babura suka hau zagi. Tsohuwa ta ja mayafi ta dunƙule ƙasan kujera, tana cewa ita ma kada ya gan ta kafin a kai goro. Da suka yi nisa Munzali ya faka, ya kifa kai a sitiyari.

"Goggo, ina jin kunyar mutumin nan kamar in nutse. Idan ya hana ni ita, ban san yadda zan yi da raina ba."

Badarou ya tuna ashe yana da caja a gida.

Alhaji Arzika, haihuwar Zongo, jikan 'yan kasuwar da gaisuwa ce rabin cinikinsu, ya riƙe baki. Sai dariya ta ƙwace masa, har da hawaye.

"Kunya ce? Su a arewa gudun suruki suke, ni ina nan ina jiran gaisuwa!"

Ruwaida ba ta yi dariya ba. Ta ga abin da ya sa ya ce ita kaɗai, ita kuma ta baje shi a gaban mutane. Ta fita wurin motar.

"Ban duba ni kaɗai ba. Baba ya gani. Ka yafe mini, Direbana."

Ya rufe fuska da hula. "Har inda na kifa kai?"

"Har nan."

"Kin kashe ni, Ruwaida." Sannan a hankali ya ce, "Zargin ya fi yi mini ciwo. Da kin tambaye ni me ya sa nake gudu, da na faɗa miki."

"Daga yau kai zan fara tambaya."

"To na yafe. Yana ciki?"

"Ga shi nan fitowa."

Hannunsa ya kai kan makulli. Ta riga shi ta zare.

Ranar Juma'a kawunansa suka zo, aka karɓi goronsu. Bayan babbar Salla aka ɗaura aure a Zongo, fataken shanu suka cika layi, Goggo Dijatu ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe. Da aka kawo ango gaban Alhaji, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ɗago, Munzali. Na ba ka 'yata, ka ba ni idonka."

Ya ɗago da ƙyar, idon ya cika da ƙwalla. Alhaji ya dafa kansa, ya kira Ruwaida ta durƙusa kusa da mijinta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ku da zargi, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Duk gidan ya amsa da amin.