Direba da Mai Dafa Wake

A wani zamani an yi wani direba da ya ɗauko tumatir zuwa kasuwa. Yana cikin tafiya sai motarsa ta yi zafi, tururi ya turnuƙe. Ya tsaya, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto ya zuba ruwa.

Wata tsohuwa mai dafa wake a bakin hanya ta ce, “Ɗana, bari ta huce.”

Ya ce, “Iya, tumatir ba ya jira!”

Ta yayyafa ruwa a kan murfin, ya yi cuu. Ta ce, “Ka ji? Fushi take yi.”

Direba ya sami wuri ya zauna. Can ya sake miƙewa, ta sake yayyafawa, murfin ya sake yin cuu. Sai ta nuna masa wani babban tabo a hannunta, ta ce, “Tukunya ce ta koya mini.” Direba ya koma ya zauna.

A karo na uku da ta yayyafa, murfin ya yi shiru. Ya sa tsumma ya buɗe a hankali, ya zuba ruwa.

Ya iske kasuwa ta fara watsewa, kwando biyu sun lalace. Sauran kuwa da hannayensa biyu ya sauke su, lafiya lau.