Murfin But na Tsohuwar Tasi

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis aka kira Sufeto Ampofo zuwa wata makarantar koyon sana'a da ke bayan Suame, a Kumasi. Ba gawa aka tsinta ba. Murfin but ɗin wata tsohuwar tasi ne ya yi ɓatan dabo.

Motar ta kulob ɗin kanikanci ce. Wata bakwai ɗalibai suna kanta: sun tayar da inji, sun sa mata sababbin ƙafafu, sun lulluɓe kujeru da guntayen saƙin kente. Yau za a fesa fenti, jibi a kai ta gasar makarantu.

Shugaban makaranta, Mista Oduro, ya nuna wani dogon saurayi. "Twumasi ke nan, shugaban kulob. Makullin gareji ɗaya ne, yana wuyansa. In aka tashi yau babu murfin, ya kwashi kayansa. Saura wata biyu jarrabawarsa ta fita, amma shi ya jiyo."

Sufeto ya zagaya bayan motar. A kan benci ya ga notin murfin guda huɗu jere a kan wani faffaɗan ganye, an goge su tas, an ɗiga musu mai.

"Wa ya ajiye waɗannan?"

"Haka muka tarar da su, yallaɓai."

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Sufeto. Ya naɗe ganyen ya sa a aljihu.

Ya dubi Twumasi. "Jiya ka kulle garejin?"

"Na kulle, yallaɓai. Tun sha biyu."

Wata yarinya mai tabaran walda a goshi ta yi tsaki. Pokuaa ce, mai haɗa musu ƙarfe. "Kai dai faɗi gaskiya, Injiniya. Wa na gani a bakin fili yana tsalle kamar an ɗana masa wuta?"

Twumasi ya sunkuyar da kai. "Ajinmu ne ke buga ƙwallo. Na ce minti goma kawai. Da na dawo ban leƙa ciki ba, na danna kwaɗo na tafi."

"Minti goma na awa biyu," Pokuaa ta ce. Amma ta matsa kusa da shi. "Yallaɓai, sakarai ne, ba ɓarawo ba. Wannan ko kusa ya tsinta sai ya yi cigiya."

"Kuna da hoton murfin?"

Ta miƙo waya. Murfi ne duk tsatsa, da wani rubutu ja da ya koɗe: ADWUBI TA YARDA.

"Me za ku yi da rubutun?"

"Kankarewa. Mun sayo samfefa tun shekaranjiya."

"Motar wa ce da?"

"Wani direba ne da ya rasu. Ɗan ƙanwarsa ne ya gaje shi, shi ya ba makaranta."

Sufeto ya jinjina kai. Al'adar garin ke nan, ɗan 'yar'uwa ke cin gado. Shi ma haka ya gaji gonar kokon kawunsa, kuma yana tune da yadda matar kawun ta fita daga gidan da akwati ɗaya.

Da zai fita, ya hango gammo na tsohon zane yashe a bayan ƙofa. Ya ɗauka ya nufi wajen maigadi, Papa Dankwa.

"Jiya da rana wa ya fita da kaya?"

"Ko kaza ba ta wuce ni ba."

"Har da masu ɗauka a ka?"

Tsohon ya kama kallon sama. "To, ban da Maame Waakye da tirenta. Ita kullum ne ai."

"Tiren bai ƙara faɗi ba jiya?"

"Idona ba kamar da ba ne, ɗana."

A bakin ƙofar makaranta, ƙarƙashin mangwaro, dattijuwar na zuba wa ɗalibai shinkafa da wake a ganye. Wanda ta ga ya rame ta ƙara masa ƙwai tana faɗa. Kowa Maame Waakye yake ce mata, wato uwa mai shinkafa da wake.

Sufeto ya jira layi ya ƙare. "A sa min da yaji, Maame."

Ta zuba masa. Ganyen irin na aljihunsa ne sak. Gefen farcenta akwai baƙin mai. Teburinta kuma, ƙarƙashin ledar da ta shimfiɗa, ya yi doro a tsakiya har kwanon miya na zamewa.

"Jiya kin shiga gareji?"

"Ni? Me tsohuwa za ta yi a gareji?"

Ya ci loma biyu, ya juya kamar zai tafi. Sai ya ce a hankali, "Adwubi."

"Na'am," ta amsa, kafin ta kama bakinta.

Ludayin ya faɗi cikin tukunya. Ta zauna a kan kujerarta.

"Shekara huɗu ke nan ba wanda ya kira ni da shi," ta ce. "Sau uku Kwadwo, mai tasin, ya zo neman aurena ina korarsa. Ranar da na amsa, bai tsaya cin abinci ba, ya wuce wajen mai fenti. Shekara talatin sunana na yawo a garin nan. Da ya mutu, dangi suka ɗauki mota, ban ce uffan ba. Da na ga an kawo ta nan, kullum sai na leƙa. Yaran nan sun riƙe ta da kyau, wallahi. Sai na ji suna zancen samfefa a gaban tukunyata."

"Me ya hana ki gaya musu?"

"In roƙi abin da ba gadona ba?"

"To, Twumasi za a kora yau saboda murfin."

Ta miƙe zumbur. "Twumasina? Wanda ba ya cin yaji? Kai, Allah ya kiyaye!" Da hannunta ta yaye ledar, sai ga murfin a ƙasa. "Mu je. Ka sa min ankwa in ka ga dama."

"Na manta ta a ofis," in ji Sufeto. Ya miƙa mata gammonta, shi kuma ya saɓa murfin a kafaɗa, ya tasa ta gaba.

A gareji ta maimaita komai a gaban Mista Oduro. Twumasi ne ya fara durƙusawa.

"Maame, shekara uku ina cin abincinki ban taɓa tambayar sunanki ba."

"Da bakinka cike za ka tambaya?"

Pokuaa ta jefa samfefar cikin kwandon shara. "Za mu zagaye rubutun da fenti, mu bi shi da ja sabo. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni."

Mista Oduro ya yi gyaran murya, ya ce makaranta ta janye ƙara, Twumasi kuma zai share fili mako guda.

"Ni ban sallami Maame ba tukuna," Sufeto ya ce. "Jibi zan zo da kaina in ɗauke ta. Kujerar gaba, har filin gasa."

Twumasi ya ɗora murfin, ya kama noti na farko da sifana, tana ta zamewa. Maame Adwubi ta tsaya a kansa tana kallo, har ta kasa haƙuri.

"Za ka cinye wa notin haƙora, ɗan nan. Ba ni nan."